Kwarin da ke Amsawa: Amsa-kuwwa, Almara da Fiton Tsibirin Gomera

Matafiyin da mota ta gangaro da shi daga ƙauyen Arure zuwa kwarin Gran Rey, a yammacin tsibirin La Gomera, da wuya ya wuce bai tsaya a dandalin kallo da mai zane César Manrique ya tsara a gefen dutse ba. Daga nan ake hango kwarin baki ɗayansa: gonaki hawa-hawa kamar matakala, waɗanda aka tokare da katangun duwatsu tun zamanin kakanni, da dogayen itatuwan dabinon Kanari, da fararen gidaje a warwatse, da gonakin ayaba can ƙasa inda kwarin ya buɗe baki ya haɗu da Tekun Atalantika. Hagu da dama kuwa bangayen dutse ne masu tsawon ɗaruruwan mita. Abin da baƙo kan fara yi a irin wannan wuri sananne ne. Yakan ɗauki hoto, sa'an nan ya kewaye bakinsa da tafin hannu ya ƙwala kira, ya kasa kunne. Jim kaɗan dutse ya mayar masa da kiransa, ya yi murmushi, ya koma mota yana ganin ya ji muryar kwarin. Alhali kuwa muryarsa ya ji.

A kan wannan ɗan ruɗu ne ziyarar Gomera takan yi albarka ko ta tashi a banza. Amsa-kuwwa akwai ta a kowane kwazazzabo na duniya, tun daga duwatsun Abzin har zuwa tsaunukan Turai, kuma ba ta buƙatar kowa ya zauna a wurin. Abin da ya ɗaga sunan wannan tsibiri shi ne cewa a kwarurukansa, idan aka yi kira daga wannan hayi, mutum ne ke amsawa daga wancan, da magana sabuwa wadda mai kiran bai faɗa ba. Da fito suke wannan magana, kuma sunanta a wurinsu silbo. Baƙon da ya je ya dawo bai rarrabe tsakanin amsa-kuwwa da amsa ba ya yi asarar kuɗin jirgi, idan kuma ɗalibin kimiyyar harshe ne, asararsa ta fi ta kowa. Rarrabewar ba a kan sauti kaɗai ta tsaya ba. Ta shafi almarar da ake ba shi a hanya, ta kuma shafi abin da ake nuna masa a matsayin shaidar cewa fiton yana nan da ransa.

Gomera ɗaya ce daga cikin tsibiran Kanari, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Ispaniya ko da yake a gefen Afirka suke, daura da kudancin Maroko. Ƙaramin tsibiri ne, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 370, mutanensa sun ɗan haura 20,000. Siffarsa kusan da'ira ce, tsakiyarsa a tashe, inda ƙololuwar Garajonay ta kai mita 1,487, kuma daga wannan tsakiya ne kwazazzabai masu zurfi suka tsattsage ƙasar zuwa teku ta kowace fuska, kamar yadda ake yanka kabewa. Sakamakon haka shi ne makiyayin da ke hango maƙwabcinsa a ɗaya hayin, har yana iya gane launin rigarsa, sai ya yi tafiyar sa'o'i, gangara da hawa, kafin ya iske shi. Ido na kaiwa, ƙafa ba ta kaiwa, muryar baka kuma tana narkewa a tsakani. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a wannan ƙasa gani bai biya buƙatar kowa ba, ji ne ya yi aiki.

Bambancin amsa-kuwwa da fito a fuskar kimiyyar sauti mai sauƙin fahimta ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a cikin sakan guda, saboda haka bangon da ke nisan mita 170 zai mayar da kira bayan sakan ɗaya cif. Abin da ya dawo ba ya ɗauke da wani labari sai na nisan bangon. Hasali ma ga mai son a fahimci maganarsa, amsa-kuwwa cikas ce, domin wutsiyar gaɓar farko takan dawo ta hau kan gaɓa ta biyu, magana ta cakuɗe. Fito kuwa yana tattara ƙarfin numfashi duka a kan siririn amo guda, wanda kaɗawarsa ke tsakanin 1,000 da 4,000 a sakan. Nan ne kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, kuma nan ne rugugin iska da na ruwa ba su cika yin tasiri ba, domin su a ƙasa amonsu yake. Gwanin fito kan sa yatsa ɗaya ko biyu a baki, ya yi wa sautin mazurari da ɗaya hannun, saƙonsa ya ƙetare kilomita ɗaya ko biyu ba da wahala ba. A yanayi mai kyau ana ambaton har kilomita 5.

(Ga mai sha'awar karin sautin Hausa, ga wani abin dariya: baƙon yakan biya kuɗin fito daga tashar Los Cristianos ta tsibirin Tenerife, tafiyar da ba ta cika awa guda ba a jirgin ruwa, domin ya fito a San Sebastián ya ji fito. Rubutu ɗaya, kalmomi uku, kuma tsawon wasali da karin sauti ne kaɗai suka raba su.)

Kuskure na farko da littattafan jagorar masu yawon buɗe ido suka yaɗa shi ne kiran silbo harshe na dabam, ko kuwa wasu alamomi na sirri irin na masu gadi. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 Bafaranshe Joseph Lajard ya lura cewa Ispaniyancin mutanen tsibirin ne kawai ake furtawa da fito, kuma André Classe na jami'ar Glasgow ya tabbatar da haka da nazarin furuci a shekarun 1950. Mai fito yana motsa harshensa kusan yadda zai motsa shi in da magana yake yi, sai dai maƙogwaro ba ya aiki, leɓɓa kuma a kafe suke. Wasalin da ake furtawa da harshe a gaba, irin su i, yakan fito da amo mai tsini can sama, e na biye da shi, a na tsakiya, o da u kuma a ƙasa. Baƙaƙe kuwa ba su da amon kansu. Ana gane su ne ta yadda layin fiton ya karkata sama ko ƙasa a bakin wasali, da kuma ko ya yanke ɗif ko ya ci gaba. Ke nan duk jumlar da za a iya faɗa da Ispaniyanci ana iya busa ta, har da wadda ba a taɓa faɗa ba, kuma da Bahaushe zai koyi dabarar, da ya ci karo da wata matsala mai ban sha'awa.

Matsalar ita ce fito amo ɗaya gare shi a lokaci guda, saboda haka dole ya zaɓi abin da zai ɗauka. A harsunan da ba su da karin sauti, irin su Ispaniyanci da Turkanci da Girkanci, hawa da saukar fiton na wakiltar wasula da baƙaƙe. A harsuna masu karin sauti kuwa, kamar harshen Mazatek na ƙasar Meziko, karin sautin ne fito ke bi, ya bar wasula a baya. Wannan hanya ta biyu ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi yana jin kalangu a Maraɗi ko Damagaram. Makaɗi na matsa tsarkiya yana sassautawa, fata na bin hawa da saukar kalmomi da tsawon gaɓoɓinsu, jama'a kuma su gane taken wane ake kaɗawa. Sai dai su gane shi ne domin sun riga sun san shi. Kalangu ya fi ƙarfi a kan take da kirari da maganganun da kunne ya saba da su, silbo kuwa an yi shi ne domin saƙon yau da kullum: akuya ta ɓace, a kawo igiya, wance ta haihu, gobe za a yi jana'iza. Wannan bambanci shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe idan aka zo tambayar ko silbo na raye.

Masana sun yi jayayya a kan yawan ƙwayoyin sautin da fiton ke iya rarrabewa. A 1978 Ramón Trujillo na jami'ar La Laguna ya wallafa nazarinsa, inda ya ce wasula biyu ne kawai da baƙaƙe huɗu, wato wasula biyar na Ispaniyanci sun taƙaita zuwa na sama da na ƙasa. Daga baya gwaje-gwajen saurare da Julien Meyer ya yi sun nuna cewa gwanaye na rarrabe wasula huɗu. Ko wanne aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: kalmomi da yawa kan zama iri ɗaya a fito, kuma mai saurare na cike giɓin ne da sanin da ya yi wa mai magana, da wurin, da lokacin, da abin da ake ciki. A 2005 Manuel Carreiras da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature sakamakon hoton ƙwaƙwalwa da suka ɗauka, wanda ya nuna cewa idan gwani na sauraren silbo, sassan ƙwaƙwalwarsa da ke sarrafa magana ne ke aiki, abin da ba ya faruwa ga wanda bai iya ba. Ga baƙo kukan tsuntsu ne mai daɗi, ga ɗan gari kuwa zance ne. Fahimtar silbo aiki ne na mutum biyu da suka san juna, kuma wannan ne dutse ba zai taɓa yi ba.

Almarar tsibirin ma haka take: wata amsa ce daga mutanen da, wata kuma muryar baƙi ce da ta bugi dutse ta dawo. Mafi tsufa a rubuce tana cikin littafin Le Canarien, tarihin mamayar da Jean de Béthencourt da Gadifer de la Salle suka fara a 1402, wanda limaman Kirista biyu da suka raka su suka rubuta. Sun ce mutanen Gomera na magana da leɓɓa tamkar ba su da harshe a baki, kuma sun kawo labarin cewa wani babban sarki ne ya sa aka yanke wa kakanninsu harsuna saboda wani laifi, aka watsar da su a tsibirin. Har yau ana maimaita wannan labari ga baƙi domin yana da ban tsoro da daɗin ji. Amma ɗalibin furuci na shekarar farko ya isa ya rushe shi, domin da harshe ake yin silbo, kuma wanda aka yanke wa harshe shi ne na ƙarshe da zai iya. Labarin bai bayyana komai game da mutanen Gomera ba. Abin da ya tona shi ne halin baƙon da ya ji abin da bai gane ba, ya yanke hukunci cewa naƙasa ce ko horo. Wanda ya san yadda aka riƙa siffanta harsunan Afirka a rubuce-rubucen matafiyan Turai ba zai yi mamaki ba.

Gaskiyar asalin mutanen ta fi almarar armashi. Mazaunan Kanari na farko daga Arewacin Afirka suka zo, dangin Amazigh ne, kuma shaidar haka na nan a sunayen wurare, da ƴan kalmomin da suka saura, da rubuce-rubucen da aka sassaƙa a duwatsun tsibiran da haruffan da suke ƴan uwan Tifinagh, rubutun da Abzinawa ke amfani da shi har yau a Agadas da Tawa. An kuma tarar da makiyaya a tsaunukan Atlas na Maroko suna busa harshensu na Tamazight da fito. Idan dabarar ta ƙetaro teku tare da mutanen farko, kamar yadda ake kyautata zato, to abin da ya faru a Gomera abin lura ne ƙwarai: harshen asali ya mutu bayan mamaya, amma hanyar busa shi ta tsira, ta sauya uwar ɗaki, ta koma ɗaukar harshen waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi.

Labari na biyu shi ne ya fi kusa da kwarin Gran Rey, domin babban sarkin da sunan kwarin ke nufi shi ne Hupalupa, dattijon da ya shugabanci wannan yanki. A 1488 mutanen tsibirin suka yi wa ubangidansu Baispaniye, Hernán Peraza ƙarami, tawaye. Bisa abin da aka gada, akwai alkawari tsakaninsa da su wanda aka ƙulla ta hanyar shan madara a kasko ɗaya, abin da ya mayar da shi ɗan uwansu, ya kuma haramta masa matansu. Ya keta wannan alkawari da neman wata mace mai suna Iballa, ga kuma zaluncin da ya riga ya yi musu. Ana nuna wa baƙo wani dutse a cikin teku daura da bakin kwarin, inda aka ce Hupalupa da ɗansa da jarumi Hautacuperche suka yi iyo suka je domin ƙulla shawara, nesa da kunnen kowa. A tsibirin da magana ke ƙetare kilomita, ba abin mamaki ba ne a ce sai a tsakiyar ruwa asiri ke ɓoyuwa. Hautacuperche ya kashe Peraza a kogon Guahedum, a ɗaya ɓangaren tsibirin, kuma an ce da fito aka yaɗa labarin daga kwari zuwa kwari, cewa kaskon alkawari ya fashe. Matar mamacin, Beatriz de Bobadilla, ta fake a hasumiyar San Sebastián wadda har yanzu take tsaye, Pedro de Vera ya kawo mata ɗauki daga Gran Canaria, aka karkashe maza da yawa, aka sayar da mata da yara bayi. Bayan shekara huɗu, a wannan tasha ce Kolumbus ya ɗebi ruwa da guzuri, ya tashi ranar 6 ga Satumba 1492 zuwa nahiyar da ake kira Amurka a yau. Gunkin Hautacuperche na tsaye a bakin tekun Gran Rey, riƙe da fasasshen kasko. Wannan labari, ko da an yi masa ado, ƙashin bayansa tarihi ne mai shekara da sunaye, kuma akwai jini a cikinsa.

Na uku shi ne wanda baƙi suka fi so, shi ne kuma ya fi rauni. An ce wata gimbiya ta Gomera mai suna Gara ta ƙaunaci Jonay, ɗan wani sarki na Tenerife, wanda ya ƙetaro teku a kan salkunan fatar akuya da aka hura. Dutsen Teide ya yi aman wuta, aka ɗauki haka mugun alama, iyaye suka hana, masoyan suka gudu zuwa ƙololuwar tsibirin suka kashe kansu da tsinin itace ɗaya, shi ya sa ake kiran wurin Garajonay. Masu nazarin sunayen wurare na kallon wannan da shakka mai ƙarfi, domin ya yi kama da labarin da suna ya haifa: an tarar da tsohuwar kalma wadda ma'anarta ta ɓace tare da harshenta, aka tsaga ta biyu, aka mayar da rabi mace, rabi namiji. Bahaushe ya san irin wannan sana'a sarai. Shi ma an gaya masa cewa sunan Hausa daga hawan sa ya samo asali, kuma Bayajida sunansa ya fito ne daga cewa ba ya ji da. Irin wannan fassara ta jama'a abin nazari ce a karan kanta, domin tana nuna yadda mutane ba sa jure wa suna marar ma'ana. Amma muryar masu magana da Ispaniyanci ce ta bugi tsohon suna ta dawo musu.

Za a iya cewa wannan tsanani ne, kuma mai tsattsefe almara yana kashe daɗinta. Wanda ya tsaya a dajin Garajonay, inda hazo ke ratsa itatuwa masu gansakuka, dajin da aka mayar gandun ƙasa a 1981 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1986, ba ya buƙatar malamin jami'a ya tsaya masa a ka yana gyara masa labarin soyayya. Akwai gaskiya a nan. Tatsuniya ba ta neman izinin masani, kuma labarin Gara da Jonay ya riga ya zama na mutanen tsibirin, suna raɗa wa ƴaƴansu waɗannan sunaye. Illar tana zuwa ne idan aka jera labaran uku a faranti ɗaya, aka miƙa wa baƙo a matsayin almarar mutanen da. A nan ƙagen yanke harshe ya sami darajar tarihi, kisan 1488 kuma ya sauko ya zama tatsuniya, abin saurare kafin a ci abincin rana. Waɗanda aka sayar a kasuwannin bayi sun cancanci a bambanta labarinsu da na gimbiyar da wataƙila ba a taɓa haifa ba.

Saura babbar tambaya, wadda ta fi sauran nauyi: shin silbo kansa bai kama hanyar zama amsa-kuwwa ba? A tsakiyar ƙarni na 20 talauci ya kori dubban mutanen Gomera zuwa Benezuwela da Tenerife, gonakin kan tudu suka zama kufai, aka shimfiɗa hanyoyin mota, wayar tarho ta shigo. Fito ya koma alamar ƙauyanci, iyaye suka daina koya wa ƴaƴansu, kamar yadda akan yi wa duk abin da aka liƙa wa tambarin talauci. Wasu gwanaye, irin su Isidro Ortiz da Lino Rodríguez, suka ƙi yarda, suka shiga koya wa yara. A 1999 hukumomin Kanari suka wajabta koyar da silbo a makarantun tsibirin, a 2009 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam waɗanda ba a taɓa su da hannu. Yau kusan duk wanda ya yi makaranta a Gomera cikin shekarun nan ya san dabarar.

Wannan mataki daidai ne, kuma masu raina shi ba su duba abin da ya sami wasu ba. A ƙauyen Aas na tsaunukan Pirene a Faransa an yi irin wannan fito, ya kusa shuɗewa tare da tsofaffin makiyayansa. A Antia ta ƙasar Girka masu yinsa sun koma ƴan ƙalilan. Na Kuşköy a Turkiyya sai da UNESCO ta sa shi a jerin masu buƙatar ceton gaggawa a 2017. Gomera ta tsere wa wannan, kuma aji ne ya tserar da ita. Sai dai aji yana da iyaka wadda ya kamata a faɗa ba tare da kunya ba. Ɗan lokacin da ake ware wa darasin a mako ya isa a koyi fitar da amo da gane jumlolin da malami ya tsara, amma tsakanin bango huɗu babu nisa, babu iska, babu akuyar da ta ɓace. Yaron da ya busa jumla malami ya ce ya yi daidai ya maimaita ne. Wanda ya busa wa ƙanensa daga hayi cewa uwarsu na kira, ƙanen ya amsa cewa ba zai zo ba sai ya gama wasa, shi ne ya yi magana.

A nan ne baƙo ke da hannu, ko ya sani ko bai sani ba. Yawancin masu zuwa Gomera na wuni ɗaya ne daga Tenerife. Akan zaga da su a babbar mota, a tsaya a gidan abinci, ma'aikata biyu su yi musu nunin silbo: a karɓi tabarau ko agogon wani a ɓoye a aljihun wani, ɗaya ya busa, ɗayan ya je ya ɗauko, a yi tafi. Ba abin raini ba ne. Nuni ne na gaskiya, yana tabbatar wa mai shakka cewa saƙo na wucewa, yana kuma sa wa matasa a rai cewa abin kakanninsu na iya kawo abinci. Tsibirin da gonakinsa suka daina ciyar da shi ba shi da ikon korar masu kawo kuɗi, kuma kwarin Gran Rey kansa, tun daga shekarun 1970 da matasan Turai, musamman Jamusawa, suka fara tarewa a cikinsa, da baƙi yake rayuwa. Amma kasuwa takan koya wa mai sayarwa abin da mai saye ke so. Idan abin da baƙi ke biya shi ne jumloli goma da aka saba, masu daɗin amo, a ɗaki mai faɗin mita goma inda magana da baki ta fi sauƙi, to a hankali silbo zai karkata zuwa waɗannan jumloli goma. Zai tashi daga zance ya koma take. Take abu ne mai daraja, kamar yadda kowane makaɗin fada zai shaida, sai dai ba a aika yaro kasuwa da shi.

Saboda haka ziyarar da ta dace da wannan kwari tana neman abin da yawon wuni ɗaya ba ya bayarwa, wato lokaci da ƙafa. Tsofaffin hanyoyin ƙafa na nan, masu hawa daga La Calera zuwa Arure ta kan tudun La Mérica, da masu bi ta saman kwarin zuwa El Cercado, inda mata ke ginin tukwane da hannu ba tare da na'urar juyi ba, da Chipude mai dutse shimfiɗaɗɗen kai. Sai mutum ya hau ɗaya daga cikinsu, gwiwa ta yi nauyi, ya hango gida a ɗaya hayin ya lissafa sa'o'in da ke tsakaninsu, sa'an nan zai gane abin da ya sa aka ƙirƙiri silbo, ganewar da babu wani nuni a gidan abinci da zai ba shi. Ɗalibin harshe kuma yana da tambayoyin da suka fi roƙon a busa masa sunansa amfani. Wa ka yi wa fito a makon nan, a kan me? Wace kalma ce takan rikice da wata, kuma yaya kuke warwarewa? Yaya kuke busa sunan abin da kakanku bai sani ba, kamar intanet? Ana gane mutumin Chipude daga na Hermigua ta fitonsa? Amsoshin waɗannan ne ke nuna ko ana ƙirƙirar sabuwar magana ko tsohuwa ake juyawa, kuma yin tambayar kansa na shaida wa ɗan gari cewa akwai baƙon da ke daraja amfani fiye da wasa.

Mai yiwuwa ne mutum ya kwana uku a kwarin Gran Rey bai ji fito ko sau ɗaya ba in ban da na nuni, domin kowane makiyayi yanzu da salula a aljihunsa. Idan haka ta faru, wannan shirun ma bayani ne, kuma ya cancanci shiga littafin ɗalibi da kwanan wata da sunan wuri. Idan kuwa ya yi sa'a, wata safiya a kan hanyar El Cercado zai ji siririn amo ya taso daga wata gona a ƙasa, ya hau, ya karye, ya sake hawa. Dutse zai mayar da shi nan take, kamar yadda yake mayar da na kowa. Sai ya ƙara jira kaɗan, ya ji ko wani amon zai biyo baya daga ɗaya hayin, mai tsawo dabam da lanƙwasa dabam.